Anzar Kaka da Wayar Basiru

Kakata ta wajen uba, Kaka Hassu, ba ta yin tatsuniya sai an hura wuta. Da damina, da zarar an sallame magariba, sai ta sa yayana Sale ya tara ɗanyen ganye da busasshen kashin shanu a tsakar gida, a kunna don hayaƙin ya kori sauro. Mu zauna a tabarma idanunmu na zubar da ruwa, ita kuma tana kan turmin da ta kwantar, ta miƙe ƙafar da ke mata ciwo wajen ɗumi. Ƙauyenmu yana cikin ƙasar Tajaye. Babanmu kusan kullum yana Abijan wajen biɗa, innarmu kuma takan yini a gona, ta dawo ko magana ba ta iya yi. Saboda haka ni da Yaya Sale a hannun Kaka muka tashi.

Akwai shekarar da rumbu ya ƙare tun gero bai kai gwiwa ba. A shekarar nan na san anza. 'Ya'yan wani itace ne na daji, ƙanana, masu ɗacin da ba a iya kwatantawa. Kaka ke shiga daji ta tsinko su, ta ɓare, ta jiƙa a tulu kwana da kwanaki tana sake ruwa, sannan ta dafa ta barbaɗa gishiri. Duk da wannan wahala ɗacin ba ya fita duka. Yana maƙalewa can bayan harshe, ko ka sha ruwa yana nan har ka yi barci. Na tsani anza. Har yau da nake da 'ya'ya, in na ga mai tallarta a kasuwa sai na kauce na bi wani layi.

Kaka takan ajiye ƙwaryar a gabanmu, ta dube ni ina tura baki, ta ce, "'Yar tsirfa, ci ki ba ni ƙwaryata. Ke dubi mai gidana, shi ba ya da surutu." Mai gidan nata shi ne Yaya Sale, haka take tsokanarsa. Shi kuwa yakan runtse ido ya haɗiye, wani lokaci ya jawo gefena ya rage min ba tare da ta gani ba. Sai mun fara ci take buɗe baki ta soma tatsuniya.

"Ga wata nan tafe, ku buɗe mata ƙofa."

Mu ce, "Ta shigo ta zauna."

Tatsuniyar da ta fi yi mana a wannan damina ita ce ta masu akushi. Wai an yi wani gari mai masassaƙa biyu. Ɗaya in ya sassaƙa akushi sai ya zana ƙadangare a gindinsa, ɗayan kuma ya zana zabuwa. Itacen ɗaya ne, girman ɗaya, tuwon da ake zubawa ma ɗaya. Amma sannu a hankali garin ya rabu. Masu ƙadangare suka ce akushin zabuwa na matsiyata ne, masu zabuwa suka ce na ƙadangare na 'yan ƙarya ne. Har ta kai in an kawo wa mutum abinci, sai ya ɗaga akushin ya leƙa ƙarƙashi kafin ya wanke hannu.

"Shina leƙen gindin akushi," in ji Kaka, "miya na zuba mishi ga riga, shi bai ma sani ba."

Nan muke dariya, ita kuma ta nuna ƙwarya da haɓa, mu ƙara loma.

Sai yunwa ta faɗa wa garin. Wani saurayi mai suna Tanko, ɗan gidan masu ƙadangare, ya fita neman abinci. Ya yi ta tafiya har ƙafafunsa suka kumbura, ya isa garin da gwaggonsa ke aure. Gwaggon ba ta da komai sai ɗan tsakin da ta ɓoye wa kanta. Ta dama, ta tuƙa, ta kawo masa. Tanko ya ɗaga akushi, ya ga zabuwa. Ya waiwaya, sai ga waɗansu 'yan garinsu biyu zaune a inuwa suna kallonsa. Ya mayar da murfi ya tura mata, ya ce a ƙoshe yake. Ya tashi ya ci gaba da tafiya. A daji ya gamu da kurege riƙe da akushi mai ƙadangare, sabo ful, sai sheƙi yake. Kurege ya ce zai ba shi in ya ba shi sandarsa da gorar ruwansa. Tanko ya ba shi da murna. Ya zauna gindin wata ƙirya ya buɗe akushin, babu komai a ciki.

Daga nan ƙarshen ya danganta da ƙwaryarmu. In mun cinye, sai Kaka ta sa gwaggon ta bi sawunsa ta same shi da sauran numfashi. In kuwa na kafe na ƙi ci, sai ta ce nan ya bushe ya rikiɗe ya zama ƙadangare, shi ya sa har gobe ƙadangare ke hawa katangar mutane yana gyaɗa kai, yana leƙen abin da anka zuba a akushi. Ranar da aka yi wannan ƙarshen nakan yi kuka. Ita ko a jikinta. Takan tura toka kan garwashi ta ce, "Ta tashi ta kama hanya, kowa shi nemi tabarma tai."

Kaka ta rasu tun kafin a yi min aure. Yanzu a Malbaza nake, ina ɗinki a gida, maigidana yana tuƙa kamiyon, babbar motar ɗaukar siminti. Na ɗauka na bar masu leƙen gindin akushi a cikin hayaƙin tsakar gidanmu, ashe suna nan jingine da katangata. Samarin unguwa sun kafa fadarsu daidai bayan tagar da keken ɗinkina yake. Tun la'asar suke ɗora shayi, kuma ba su da wata hira sai ta salula. Wannan ya ce irin tasa ce waya, sauran duk tarkace ne. Wancan ya ce ai taka rabin yini ba ta yi sai ta nemi caji. A ƙirga idanun kyamara, a yi gardama kan igiyar caji, a tashi ana zagin juna kan kamfanin da bai san da zamansu ba. Abin yana cin raina ƙwarai. Manya ma ba su tsira ba. Maigidana ya rantse ba zai taɓa riƙe wata waya ba sai irin tasa mai maɓallai, wata maƙwabciyata kuma in za ta zauna a gidan biki sai ta kifa tata a cinya don a ga alamar da ke bayanta.

Ɗana na biyu, Basiru, ɗan lakwal ne, wato makarantar boko, yana cikin 'yan fadar nan, kuma shi kaɗai ne ba shi da waya. Yaya Sale ya ji labari. Shi ma Abijan ya gada daga babanmu, yana dako a kasuwa, ga ciwon baya da ya daɗe yana ɓoyewa. Bai gaya wa kowa ba, sai ga wani ɗan ƙauyenmu da ya dawo gida ya tsaya a ƙofarmu da ƙunshi, ya ce saƙon Basiru ne daga kawunsa. Waya ce sabuwa a kwalinta. Ina tsaye yaron ya buɗe. Abu na farko da ya yi shi ne ya juya bayanta. Na ga yadda fuskarsa ta sauka.

Na ce, "Ba ka murna?"

Ya ce, "Ina yi, Mama. Allah shi saka ma Kawu."

Washegari ina kan keke na ji dariya ta tashi a bayan taga. Wani yana cewa, "Basiru, wagga ai ta masu tallar goro ce." Wani ya ce a ba shi ya haska ya ga ko akwai kunama a ƙarƙashin benci. Ban ji muryar ɗana ba ko sau ɗaya. Na so in leƙa in yi musu magana, na san kuma in na yi, abin zai ƙara masa nauyi.

Ba a jima ba ya bi babansa zuwa Konni. Can a kasuwar waya ya ba da sabuwar, aka ba shi wata tsohuwa mai tsagaggen gilashi, amma irin wadda samari ke yayi. Ta ɗan yi aiki, sannan ta kulle kanta, wai tana neman lambar sirrin mai ita na farko. Wanda suka yi musayar ya ɓace. Masu gyara suka ce ba abin da za a iya yi. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne Basiru bai ajiye ta ba. Kullum zai goge ta da gefen riga, ya riƙe ta a hannu, bayanta a waje, ya fita fada. Waya ba ta kira, ba ta amsawa, amma an daina yi masa dariya.

Da ruwan farko ya sauka, Yaya Sale ya dawo don noma, ya biyo ta wajenmu. Ya rame, yana tafiya a ɗan karkace. Bayan ya ci abinci, ya kira Basiru yana murmushi.

"Ɗana, kawo wayar nan ka ɗauke mu hoto ni da uwarka, in nuna ma mutanen gida."

Basiru ya tsaya kamar an dasa shi. Sannan ya sa hannu a aljihu ya miƙa masa. Yaya Sale ya danna, ba ta buɗe ba. Ya juya ta, ya shafa tsagar da babban yatsa.

"Wagga ba ita ba ce."

Ni na faɗa masa abin da ya faru, don yaron ya kasa. Bai yi faɗa ba. Sai ya ce, "Ni ban san kansu ba. Na ce ma mai shago shi ba ni mai kyau, ta yaro ɗan lakwal. Ashe akwai wadda ad daidai da wadda ba daidai ba." Ya mayar wa Basiru wayar da hannu biyu, kamar shi ne ya yi laifi. Ya zo ne da niyyar kwana biyu, amma da safe ya ce gona na jiransa. Na raka shi tasha, muna ta hirar ruwa da iri, ba wanda ya sake tayar da zancen.

Da yammar ranar na zaunar da Basiru na ba shi tatsuniyar masu akushi, yadda Kaka take yi. Ya saurara har ƙarshe kansa a sunkuye. Sai ya ce, "Mama, ke ba ki zama cikinsu. Ba ki san yadda suke yi ma mutum ba."

Gaskiya ya faɗa. Ina yarinya na ɗauka Kaka ta ƙirƙiri Tanko ne don kawai mu haɗiye anza, wawa ne mai tsirfa kamar ni. Sai a wannan zaman na lura cewa Tanko ya so ya ci tuwon nan. Yunwa yake ji, kuma ya san gwaggonsa ce ta tuƙa. Mutum biyun da ke zaune a inuwa su suka hana shi. Mu a lokacinmu yunwa ta fi ƙarfin kunya, duk tsirfata daga ƙarshe nakan ci. Ɗana bai taɓa kwana da yunwa ba, na gode wa Allah, amma yana tsoron dariyar sa'anninsa fiye da yadda na ji tsoron ɗacin anza, har ya iya ɓata ran mutumin da ya ɗauki kaya a bayansa don ya faranta masa. Wannan tsoron ban san yadda ake jiƙa shi ya fita ba.

Da aka ba su hutun lakwal, na ce ya shirya ya tafi ƙauye ya taya kawunsa noma, tunda bayan nan nasa ba zai iya shi kaɗai ba. Bai yi musu ba. Da zai hau babur ɗin da zai kai shi, ya juyo ya ce, "Mama, mi zan ce mishi?"

Na ce, "Kar ka ce komi. Ka ɗauki hauya ka bi bayanshi."

Ya tafi. Gero ya fara fitar da kai yanzu, 'yan fada suna nan bayan tagata suna gardamarsu. Daga ƙauye kuwa ba wanda ya aiko min da magana, ba kawun ba, ba ɗan ba. Duk wanda ya zo daga can nakan tambaye shi, sai ya ce ya gan su a gona, ɗaya a gaba, ɗaya a baya.