Ƙwaryar Hansai

Gidanmu cike yake da manya ranar da yayata Hansai ta faɗa murhu, kuma babu wanda ya miƙa hannu. Na faɗa, ba zan janye ba, ko da yake yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙan su.

Lokacin kaka ne, shekarar da aka haƙa sabuwar rijiya a ƙauyenmu na gefen Wagini, ban ma gama famfara ba. An kwaso gyaɗa daga gona an zube a tsakar gida, mata suna tsinka, Hansai tana tsugune tana iza kara a ƙarƙashin tukunyar wake. Sai ta ce tana jin warin nan. Kullum da shi abin ke fara mata, wani wari kamar na ƙonannen gashi, wanda babu mai jin sa sai ita. Kafin ta miƙe jikinta ya sandare, ta kife, hannunta na dama ya shige cikin garwashi. Na zabura, Gwaggo Delu, ƙanwar babanmu, ta damƙe mini wuyan hannu ta ce, "Kul! Miyaunta ya taɓa ki, ke ma kin ɗauka." Inna tana rijiya. Sauran matan suka ja baya suna salati, kowace ta toshe hanci da bakin zane. Sai da wata ta ɗauko taɓarya aka turo ta daga wutar, kamar yadda ake ture itace.

Yatsu uku suka manne, haka suka warke. Da yamma aka zuba yayi a wurin da ta faɗi aka cinna wuta, don kada wani ya tsallaka ya kwashi ciwon. Haka ake yi duk inda ta faɗi. Gidanmu ya cika da baƙaƙen tabo a ƙasa, bakin rumbu, gindin turmi, ƙofar ɗakin Inna, har na san su kamar yadda na san hanyar gona. Tana da ƙwaryarta ita kaɗai, an ɗora wa ƙwaryar wuƙa mai zafi an yi zane a bakinta don kada a haɗa. Ba a wanke ta tare da sauran. A kan katanga ake kife ta, kusa da inda kaji ke kwana.

Kuma fa Hansai ta fi mu duka kai. A wasan carafke, kafin hannun ya ƙone, babu mai kai ta. Idan muka tafi korar tsuntsaye a gonar gero, ita ke ƙago waƙar da muke yi muna kaɗa gwangwani, gobe kuma ta zo da wata sabuwa. Awakinmu da na maƙwabta ta san kowace da kukanta. An sa ta firamare, ta fara kawo mana baƙaƙen boko tana zana mini a ƙasa da tsinke, sai wata rana ta faɗi a filin makaranta, yara suka watse, aka aiko wa Baba ya riƙe ɗiyarsa a gida. Baba ya ji kunya, kunyar ta zama fushi, ya ce babu ɗiyar gidansa da za ta ƙara taka wurin. Haka nawa karatun ya ƙare tun bai fara ba.

Na taɓa tambayarta, muna roron wake, ina take tafiya idan ta faɗi, don an ce mana mutanen ɓoye ke ɗaukar ta. Ta yi dariya ta ce, "Asabe, ba na zuwa ko'ina. Kamar a hure fitila ne, can kuma a kunna." Na daɗe ina juya maganar. Idan an hure ta, to ina waƙoƙin suke zama kafin a kunna? A gidanmu komai zuciya ce. Zuciya ke tunani, ita ke mantuwa, ita ke raya wa mutum abu. Kai kuwa na ɗaukar tulu ne da dammin kara. Ran babbar Salla idan an babbake kan rago, kakarmu takan fasa shi da ɗan gatari, ta kwaso wani farin abu mai laushi kamar kindirmo, ta ce, "Wannan ba na yara ba ne, majina yake sawa." Iyakar abin da na sani game da ƙwaƙwalwa ke nan har na haifi 'ya'ya, har na aurar da su.

An yi wa Hansai rubutu, an yi turare, an yanka baƙar kaza, an kai ta wajen wani mai magani a rugar Fulani. Ba ta yi aure ba. Wata damina ta tafi wanki tafki ita kaɗai, don babu mai son wanki kusa da ita, ruwan ma bai kai gwiwa ba. A nan aka same ta a kife, rai ya yi halinsa. Aka fasa ƙwaryar aka binne gutsattsarin a bayan gida.

Ina da jikoki na shiga makarantar yaƙi da jahilci a Safana, bayan mun baro ƙauye saboda ɓarayin daji, abin da kowa ya sani. Mata suna yi mini dariya, wai tsohuwa da fensir. Na ce su yi. Malamarmu, Malama Rabi, ta taɓa aikin asibiti kafin ta yi ritaya, takan bar karatu ta shiga zancen lafiya. Ran nan ta zana kan mutum a allo, ta ce abin da ke ciki cike yake da ƙananan jijiyoyi masu aika wa juna saƙo da wani ɗan lantarki, da shi ake gani, ake tunawa, ake ɗaga hannu. Ta ce farfaɗiya ita ce idan lantarkin ya tashi gaba ɗaya ya rikice, kuma ba ta cikin miyau, ba ta cikin ƙasa, akwai ƙwayoyin da ke kwantar da ita. Na ce to warin fa? Ta dube ni, ta ce idan rikicin ya faro daga wajen da ke jin wari, mutum sai ya ji warin da babu shi. Na ce to rai fa, yana ina? Ta ce, "Baba Asabe, rai na Allah ne, ban san inda yake ba. Amma ƙwaƙwalwa nama ce, tana ciwo kamar ido."

Ban yi kuka ba. Gajiya ce ta sauko mini, irin ta wanda ya yini yana noma aka ce masa gonar ba tasa ba ce. Duk tarin yayin nan da muka ƙona, duk kajin da aka yanka, ashe abin yana cikin wannan farin abu da kakarmu ke kwasowa da yatsa. Har yau ban gane yadda nama ke ƙago waƙa ba, Malama ma ta ce masu ilimin ba su gama ganewa ba. Amma na gane mai ciwon ido ba a ture shi da taɓarya.

Yanzu akwai waya a hannun kowa, akwai babur har ƙofar gida, na ɗauka wancan zamani ya wuce. Sai ga shi bayan ƙaramar Salla jikata Zainabu, ɗiyar ɗana Lawal, ta faɗi a bakin famfon gidansu. Da na isa gidansu da la'asar, na tarar da baƙin tabo a ƙasa, toka ba ta ma huce ba. A kan taga kuma ga wani kofin roba an ɗaura masa jan zare a mariƙi. Uwarta ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, maƙwabta ne suka ce a ware mata." Lawal ya ce zai dakatar da ita daga makaranta tukuna, kada a riƙa nuna su. Yarinyar tana zaune a lungu ta haɗa gwiwa da ƙirji, irin zaman da na sani. Ƙwarya ta zama roba, shi ke nan abin da ya canja.

Ban yi musu da kowa ba, na gaji da musu. Washegari da safe na koma, lokacin da matan layin ke taruwa sayen koko a ƙofar gidan. Na ɗauko kofin mai jan zare na sa aka cika, na ba Zainabu ta sha rabi, na karɓa na shanye sauran a gabansu, na lashe baki. Sannan na ce wa Lawal ya kira mai babur, asibitin Katsina za mu, daga can kuma makaranta. Na hau, na sa ta a gabana, na riƙe hannunta na dama.