Jiƙon Tsamiya Don 'Yar Fari

A gidan da na yi aure, cikin ganuwar Birnin Gwari, tun ba a san Nasara a ƙasar nan ba, mace ba ta nuna ta san ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, in ya faɗi a gabanta sai ta kau da kai wani ya ɗaga shi. Kunya ke nan, kuma ni na iya ta har ana misali da ni. Da aka yaye 'yata, uwar mijina ta ɗauke ta zuwa ɗakinta, tsakar gida kawai ke tsakaninmu. Yarinya ta tashi tana ce wa kakarta Inna, ni kuwa Yaya. In zancenta ya kama ni dole, sai in ce 'yar Inna. Mata su yi ta yabona, ni kuwa in shiga ɗaki in ciji bakin zane.

Hanya ɗaya na samu ta yi wa kunyar nan wayo. Da bazara ta kama, sai in yi jiƙon tsamiya irin wanda na koya wurin mahaifiyata, da citta da zuma da ganyen ɗaɗɗoya, in kai ɗakin tsohuwa in ce, "Inna, ga na jiƙa maƙoshi." Tsohuwa ba ta shiri da tsami. Na sani, ita ma ta san na sani. Takan karɓa ta ce, "Allah ya yi albarka," ta juya ta miƙa wa jikarta. Ni kuma ina bakin turmi ina satar kallon maƙogwaron yarinya yana motsi. Ruwan Inna take ce masa.

Shekarar da yarinya ta fara famfarar haƙora, zazzaɓi ya shigo unguwarmu da zafin bazara, ya riƙa ɗibar yara. Ya kama ta. Komai aka ba ta sai ya dawo: kunu, nono, jiƙon saiwa, rubutun da ubanta ya karɓo wurin malam, har ruwan randa. Daga baya ma ta daina karɓa. Ban gan ta ba, a bakin matan gida nake tsintar labari: leɓɓanta sun tsage, idanunta sun faɗa, ta daina fitsari. Duk wanda ya taɓa jinyar yaro ya san abin da ke biyo bayan wannan. Na daka hatsin da ba wanda ya sa ni, don kawai turmi ya fi kusa da ƙofarsu. Ina daka ina roƙon Allah, ko dai ya bar mini ita, ko ya ɗauke mu tare.

Wata safiya na jiyo muryarta can ƙasa tana cewa ruwan Inna take so. Tsohuwa, baiwar Allah, ta tashi da rawar jiki ta tafasa tsamiya kamar mai shirin kunu, ta zuba zuma ta kai mata. Yarinya ta sunsuna ta ce ba shi ba ne. Sai ga tsohuwa ta zo ta tsaya kusa da turmi, tana kallon kaji.

Ta ce, "Ke, maƙoshina ya bushe. Ko za a sami irin na kullum?"

Na ce, "Za a samu, Inna."

Na faɗa ne kawai. Tsamiya akwai, citta akwai, akwai guntun zuma a gora. Amma ɗaɗɗoyar da na shuka a gindin randa, akuyar gidanmu, wadda ban yafe mata ba har aka yanka ta, ta cinye ta har saiwa. Kuma ƙamshin ganyen nan shi yarinya ta sani. Na leƙa gidajen maƙwabta, duk nasu ya ƙone. A irin wannan rani ba inda za a same shi sai bakin rafi, cikin daji wajen Kamuku, inda aka hana mata zuwa saboda mahara masu dawakai da ke kwasar mutane su sayar.

Na bi ayarin matan Gwari masu fita itace, kowacce da ƙwaryarta a kafaɗa. Mai tsaron ƙofa ya tare ni ya ce ina zuwa. Na ce tsohuwarmu ce ta aike ni ganye. Ko a nan bakina bai iya cewa 'yata ce ke mutuwa ba.

Da suka tsaya saran itace, ni na wuce ni kaɗai. Rafi ya ƙafe, sai yashi mai ƙona ƙafa. Na bi shi ina duba gindin kowane dutse, ina tsinkar duk wani kore in murje in sunsuna. Can na ji ƙarar kofato, na faɗa cikin sarƙaƙiya ƙaya na yagar cinyata, na riƙe numfashi. Ba bautar nake tsoro ba a lokacin, tsorona kada a tafi da ni yarinya na can tana jira. Ashe shanun Fulani ne za su wuce. Na bi sawunsu, don saniya ba ta ɓatan hanyar ruwa, har na iske wani ɗan kududdufi da suka tattake. A gefensa, ƙarƙashin dutse, ga 'yan tsirarun ɗaɗɗoya da suka tsira. Na tsinke, na jiƙa bakin zanena na ƙulle su, na kama gudu.

Abin da ya fi dajin wuya shi ne jira. Jiƙon nan ba ya son wuta, ruwan zafi kashe shi yake yi. Na ɓare tsamiya na zuba a sabuwar tukunya da ruwan sanyi, na zauna ina kallonta kamar kallo zai sa ta yi laushi. Daga ɗakin Inna ba nishi, ba tari. Sau nawa na kai hannu ga murhu, na janye. Da ta saki, na dama da hannu, na tace da tsumma mai tsabta, na sa citta kaɗan don kada ta ƙona mata baki, da zuma, da ɗan gishiri a bakin yatsa. Ganyen ba a daka shi, a tafin hannu ake murje shi a jefa a ƙarshe. Na binne tukunyar cikin jiƙaƙƙen yashi a inuwar rumbu har ta yi sanyi, sannan na cika ƙoƙo na miƙa wa tsohuwa a bakin ƙofa.

Ina jin ta tana lallashi. Ina jin ta tana roƙo. Can ta fito, gaban zanenta duk ya jiƙe da abin da na sha wuya a kansa. Yarinya ta datse haƙora, ba ta ma buɗe ido.

Tsohuwa ta dube ni, karo na farko ido cikin ido. Sai ta ja mayafi ta ɗaga murya ta ce wa matan gida, "Ku taso ku raka ni gaisuwa maƙwabta. Dukanku." Rana tsaka ce, ko kare ba ya fita. Suka tashi suka bi ta. Ta bar ƙoƙon a bakin ƙofa.

Na shiga. Rabona da taɓa jikin yarinya tun ranar yaye. Na ɗago ta, ba nauyi, sai zafi kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Na murje sauran ganyen a hancinta. Na ce, "'Yar Inna, sha." Ba ta motsa ba. Na ce, "Ke, yarinya, sha mana, don Allah." Kanta ya langaɓe a hannuna. Nan wayona ya ƙare, kunyata ta ƙare. Na sa bakina a kunnenta na kira sunanta. Da ƙyar ya fito, don harshena bai saba da shi ba. Na sake kira.

Ta buɗe ido. Na kai ludayi bakinta, ta kurɓa. Na jira amai, bai zo ba. Na ƙara, ta haɗiye. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, da muryar da sai ka kasa kunne,

"Yaya, ashe kin san sunana?"

Hawayena na ɗiga cikin ƙoƙon, na ce, "Sha dai."

Tsohuwa ta daɗe tana gyaran murya a zaure kafin ta shigo. Ta same ni a bakin turmi ina daka, ƙoƙo kuwa ya yi rabi. Ba ta tambaye ni ba.

Yarinya ta warke. Ban ƙara kiran sunan ba, ita ma ba ta daina ce mini Yaya ba. Amma tun daga bazarar nan, in ta shanye jiƙonta a ɗakin Inna, sai ta wanke ƙoƙon ta zo ta kife shi a bakin ƙofata.