Ranar da Eulogio Barraza Ya Ƙi Zama

A garin Guasave aka haifi Eulogio Barraza, ɗan mai kamun jatan lande. Bahago ne, kuma tun yana ɗan shekara goma sha bakwai da wasan ƙwallon besbol yake ci. Aikinsa jifa: ya hau tudun tsakiyar fili, ya wurga ƙwallo, mai sanda ya kai duka ya sami iska. Sau ɗaya aka kai shi gwaji Amurka, suka ce jifarsa ba ta da gudu. Ya dawo gida ya shekara ashirin da biyar yana kunyata ƙarti da ita.

Yana da arba'in da biyu sabon kocin ƙungiyarsu, Fidencio, ya shirya masa bikin ban kwana ba tare da ya tambaye shi ba. Ranar Lahadi fili ya cika maƙil, ana kiɗa da busa, aka fito da kujerar lilo da sunansa a jiki, aka miƙa masa abin magana.

Eulogio ya dubi jama'a. "Wa ya ce muku na gaji?"

Fidencio ya matso yana yaƙe. "Haba dattijo, zauna mana, ana kallonmu."

"Kai ka zauna, ai kai ka saba. Duk wasanka a benci ka yi shi."

Fili ya kwashe da dariya. Eulogio ya ajiye abin maganar ya fice. Washegari aka sallame shi.

Matarsa Chayo ba ta yi dariya ba. "Kafaɗar nan ni nake gasa ta kullum, ni na san halin da take ciki."

"To ki ƙara ɗora ruwa."

"Tsoho da kai, sai taurin kai!"

Manyan ƙungiyoyi ba wadda ta neme shi. Ya tafi Mocorito, wata ƙaramar ƙungiya ta manoman barkono, fili duk tsakuwa. Shekarar farko ya ci wasa goma sha ɗaya. Ta biyu ya sha kashi sosai, bai daina ba.

Wata Laraba wajen atisaye ya yi jifa uku, ya ji yatsunsa sun daina riƙe ɗinkin ƙwallo. Ya cire safar hannu, ya ƙwala wa Nacho, mai cafe masa ƙwallo, kira.

"Nacho! Na gama. Ka shaida ni na faɗa."

Yanzu kwalekwalen ƙaninsa yake bi zuwa teku, suna faɗa a kan wa zai riƙe inji.