Darasin da Lawali bai koya wa ɗansa ba

Shekara bakwai ke nan da muka kai Alhaji Lawali makwancinsa a nan Greensboro, garin da ci-rani ya ajiye mu. Shi mutumin Maraɗi ne, ni na Zariya. Muna samari muka haɗu a Tarayyar Sobiyet, yana karatun likitan dabbobi, ni kuma injiniyan ruwa. Duniya ta wulla ni Jidda da Hamburg, ta kai shi Abidjan, sai ga mu da furfura a wani shagon nama a titin Gate City Boulevard na nan garin, yana datsa rago.

Magana guda ce ba ya gajiya da ita: yadda sarautar Rasha ta faɗi. Duk Asabar bayan la'asar, da an zuba shayi a bayan shagon, sai mu ce, "To, Kwamared ya hau mumbari." Yakan ce yaƙi ne ya kayar da gidan da ya shekara ɗari uku yana mulki, 'yan juyin juya hali tsintar gawa suka yi. Sarkin ya sha kashi a hannun Japan, bai daddara ba, ya faɗa Yaƙin Duniya na Ɗaya. Aka kwashe manoma zuwa fagen daga, wasu ko bindiga babu, sai na gaba ya faɗi su ɗauki tasa. Jiragen ƙasa suka koma jigilar soja, burodi ya yanke a birni. Da mata suka fito titi aka ce a yi harbi, sojoji suka ƙi. "Su harbi iyayensu?" in ji shi. "A nan aka gama. Saura sa hannu a takarda."

Mu tsofaffi ya gaya wa wannan. Ɗansa Nasiru, wanda biza ta ƙi samuwa aka bar shi a Maraɗi, wata Rashar yake ji a waya: ƙasar da ta koyar da ɗan talaka kyauta, da tsohuwar da ta saƙa wa babansa safar hannu. Wane uba ne zai ɓata kiran minti goma da zancen yaƙi?

Bara matar Lawali, Hajiya Rakiya, ta kira ni gidanta a McLeansville, nan kusa da mu, ta miƙo min waya. "Malam, duba min. Nasiru ya samu aikin gadi a Rasha, amma takardar da yarensu take." Na karanta sau biyu. Wani dillali ne ya kai shi, kuma ya riga ya sa hannu.

Na ce, "Hajiya, takardar shiga soja ce, kuma ƙasar yaƙi take yi."

Ta ce, "Ai babansa ya ce mutanen kirki ne."

Wata biyar ke nan ba mu ji muryarsa ba.

Me Lawali zai ce yau? Manomin wancan zamani in ya gaji yana iya jefar da bindiga ya taka zuwa ƙauyensu. Nasiru ina zai taka, fasfo ba ya hannunsa, yaren ma gaisuwa kawai ya iya? Na zauna a ƙasashe da dama, kuma ina ganin masu mulki sun fi mu fahimtar darasin abokina. Yanzu 'ya'yan wasu suke ɗaukowa daga nesa, waɗanda iyayensu mata ba za su taɓa cika titin babban birni ba.

Abin da ya rage na Lawali shi ne gaskiyarsa, kuma ba ta tsare ko mutum ɗaya ba. A da ina baƙin cikin ya tafi da wuri. Yanzu in na tsaya a kabarinsa, nakan roƙa masa gafara, in gode wa Allah da ni aka miƙa wa takardar, ba shi ba.