Sista Asama'u da Jakar Ruwan Hanta

Ƙarfe bakwai da rabi Sista Asama'u take buɗe ɗakin hoton ciki a wani asibiti a nan Gumel. Ta goge na'ura, ta shimfiɗa zani a gado, ta kira ta farko a layi. Yawanci masu juna biyu ne, daga Gagarawa, Maigatari da ƙauyukan Sule Tankarkar. Tana da ɗabi'a ɗaya mai jan layi: in ta gama duba mara, sai ta haura ƙarƙashin haƙarƙari ta leƙa hanta. Abokan aiki kan ce, "Sista, awo aka zo, ba sayen hanta ba."

Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, bayan shekara talatin da biyar.

Yayata Rahamatu tana aure a Ɗanzomo. Shekara goma sha huɗu ba haihuwa, sai cikinta ya fara tasowa. Wata tara ya wuce, shekara ta zagayo, shiru. Tsofaffi suka ce kwantaccen ciki ne, ɗan barci yake, zai tashi in lokacinsa ya yi. Ta rame, loma uku ta ƙoshi. Mijinta, Malam Ilu, ya kawo ta a ga kwanciyar ɗan.

Mahaifa babu kowa. A hanta kuwa Sista ta ga jakar ruwa kamar ƙwarya, an raba cikinta ɗaki-ɗaki. Irin wannan ƙari ba safai ake ganinsa ba. Ita kanta sau biyu ta taɓa gani. Ta kira likita, ya duba, ya ce sai Kano, sai tiyata.

Malam Ilu ya ce wa Sista, "In ruwa ne, Hajiya, a sa allura a zuƙe mana."

"Malam, in ka kwashe ruwan rijiya, rijiyar ta tafi ke nan?"

"Ta sake kawowa."

"To, bangon jakar ne ke kawo ruwan. In an bar shi yana iya zama ciwon daji. Sai an cire ta ɗungurungum, har da gefen hantar."

Ya yarda. Rahamatu ce ta ƙi. A wurinta ɗanta za a yanke a jefar. A lokacin na dawo daga karatu a waje, na zana mata hanta a takarda ina bayani. Ta ce, "Auta, je ka sha ruwa."

Ke ce ba ki yi gardama da ita ba, Sista. Kika fita layi kika roƙi wata mai ciki wata shida daga Maigatari ta bar baƙuwa ta tsaya a kanta. Matar ta yi dariya ta ce, "Ta kalla mana, ai ba ya ƙarewa." Kika juya allon na'urar. Rahamatu ta ga kai, ta ga ƙashin baya, ta ga zuciya tana bugawa. Sannan kika kwantar da ita kika nuna mata nata.

Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Nawa ba ya motsi."

Kika ce, "Ba ya yi, 'yar'uwa. Ba ɗa ba ne."

Kika bar ta ta yi kukanta, layi na jira. Da ta share fuska ta ce a rubuta takardar Kano.

Aikin ya ci awa biyar. An fitar da jakar ba ta fashe ba. Gwaji ya nuna ba ta riga ta zama daji ba. Likitocin da suka yi yankan sun sha godiya, kuma sun cancanta. Amma ba su za su je Ɗanzomo su nemo ta ba. Tun daga nan, duk bayan girbi Sista take aika a kawo Rahamatu a sake dubawa, don irin wannan jaka takan dawo in an bar ko ɓalli. Bana shekara shida, hanta fes.

Rahamatu ba ta haihu ba har yau. Tana raye, tana surfe, tana yi mini faɗa.

Mun gode, Sista, mai ido a tafin hannu. Allah ya sa hutu ne mai lafiya. Ku kuma matasan da za a bar wa ɗakin nan, ku ja kujera ku zauna kusa da ita. Saura Litinin uku.