Fasinjojin Manjo

Manjo bai taɓa yin soja ba. Mai gyaran agogo ne, ya ƙarar da ƙuruciyarsa a wani ɗan shago, gilashi maƙale a ido ɗaya, yana tsintar kusoshin da ba su fi ƙwayar yashi ba. Sunan ya bi shi ne tun ranar da ya dawo daga gwanjon kayan soja da wata ƙatuwar mota koriya mai taya shida, tana jan tirelar tankin ruwa. Ba ya haya da ita, ba ya dako. Ya ce ya gaji da ƙananan abubuwa, yana son kusar da sai ya sa hannu biyu.

A filin bayan gidansa take tsayawa. Da hantsi zai shige ƙarƙashinta da sifana da gwangwanin giris, ya fito ya duba baƙin mai, ya hau baya ya shafa dogayen bencina biyun da ke ƙarƙashin tamfol. Zaman mutane ya sa sun yi santsi, kuma ƙura ba ta taɓa kwanciya a kansu ba. Ƙarshen mako sai ya zaga gari da ita a hankali.

Mai facin bakin titi ne ya fara lura.

"Manjo, me kake lodawa a ɓoye ne? Tayoyin bayan nan sun kwanta kamar ka ɗebo siminti."

Suka leƙa tare, wayam. Aka ƙara iska, aka sake sifirin da ke ɗauke da nauyin bayan, motar ba ta ɗago ba.

Sai kuma ya fara jin bugu a rufin motar. Wani tsohon direba ya gaya masa a wurin gwanjon cewa sojojin da ke zaune a baya sukan yi wa direba magana da dunƙulen hannu a kan rufin gaba: biyu tafi, ɗaya tsaya. Ranar da ya fara ji, ya ɗauka ƙarfe ne ke miƙa saboda rana. Wata rana a kwana aka buga ɗaya, ƙafarsa ta taka birki kafin ya yi tunani, sai ga mai baro ya ɓullo ta gaban taya. Tun daga nan ba ya sa giya sai an buga masa.

Da yanar ido ta fara rufe masa gani, bai gaya wa kowa ba. Fuskoki suka koma kamar ana hango su ta gilashin da tururi ya kama. Hannunsa ya san motar, na baya kuwa sun san hanya.

Auta, 'yarsa, ta tare shi a bakin filin.

"Baba, makullin."

"Wane makulli?"

"Jiya fa tirela ka gaida. Har ka tambaye ta mutan gida."

"Ai maƙwabciya ce." Ya damƙe aljihu. "Shiga mu zaga sau ɗaya. In na taka ko leda, naki ne."

Ya ji ta ɗaga tamfol ta leƙa, ta sake shi, sannan ta hau gefensa. Injin ya ɗauka. Suka zauna suna jira. Aka buga biyu, daidai saman kanta, ya ji numfashinta ya tsaya. A mararraba aka buga ɗaya, ya taka birki, kukan babur ya wuce ta gabansu. Har suka dawo bai taka komai ba.

"Su waye?" ta ce, murya can ƙasa.

"Ban tambaya ba. Direba ba ya waiwaye."

"Na yi alkawari, ba zan karɓa ba. Amma ranar da suka makara fa, Baba? 'Ya'yan mutane ne a titin nan."

A cikin motar ta faɗi haka, kuma taga a buɗe take, na baya suna ji.

Mako ya zagayo. Ya tada injin, ya ɗora hannu a kan giya, yana jira. Rana ta hau, rufin ya fara zafi, ƙanshin man dizal ya cika masa hanci. Giyar tana rawa a tafinsa, turawa kawai zai yi, babu mai hana shi. Sai aka buga ɗaya, a hankali, kamar mai sallama a ɗakin mara lafiya, alhali motar ko motsi ba ta yi ba.

Ya daɗe a zaune kafin ya kashe ta. Ya sauko, ya bi jikinta da hannu har baya, ya zare sakata ya sauke ƙofar. Sifirin ya yi ƙara, ya yi shiru, ya sake yi. Hannunsa na kan gefen motar, yana jin ta tana ɗagowa kaɗan-kaɗan, har ƙarfen ya daina magana.

"Ku sauka lafiya," ya ce. Ya kira Auta, ya sa mata makullin a hannu.

Har yanzu da hantsi yana shiga ƙarƙashinta da giris, da lalube. Mai faci ya ce tayoyin sun miƙe kamar sababbi. Manjo yakan hau baya ya shafa bencinan, ya daɗe yana murza ƙurar tsakanin yatsunsa.