Mutumin da Ya Hana Kwatarmu Maiƙo

Ina shanya kifi a ƙofar gida sai Yu Ponirah, wato Yaya Ponirah, ta leƙo, baki har kunne.

"Ngatemi, kin ji? Tsohon nan mai wanke ruwa zai ajiye aiki. Wanda zai gaje shi ba shi da taurin kai, a ce ya kashe injin zai kashe. Maiƙo ya kusa dawowa!"

Na ce, "Yu, ɗauke ƙafarki daga kan kifina."

Pak Darmaji take nufi; a wurinmu Pak ake ce wa babban namiji, Bu kuma babbar mace. Kullum da hantsi yana bayan masana'antar kifin gwangwani ta unguwarmu a Muncar, ya zaro farantan ƙarfe daga cikin tanki, ya kankare su, ya mayar, ya kunna wuta. Ban yi boko ba, amma na gani da idona: lantarki na ratsa ruwan, jini da maiƙo su dunƙule su taso kamar kumfa, ya kwashe, ruwa ya fita fes.

Kafin injin nan, mu mata a kwatar da masana'antar ke zubar da ruwanta muke samun na ci. Mu shiga har gwiwa, mu yaɗe maiƙon da ke yawo, mu dafa mu sayar. A nan ƙayar kifi ta soki 'yata Lastri a dunduniya. Ƙafa ta kumbura ta yi baƙi. Ba ta ga ƙarshen watan ba. Allah ya jiƙan ta.

Da maiƙo ya ɗauke, mata suka tare Pak Darmaji a bakin ƙofa da robobinsu. Wata ta watsa masa hanjin kifi a riga.

"Pak, ruwa mai kyau za mu dafa wa yara?"

Ya kakkaɓe rigar ya ce, "Bu, kin bar ni da wari, ni kuma matata ba ta da haƙuri." Ya shige ya kunna injin. Daga baya shi ya yi ta naci har aka yarda mata su riƙa tace maiƙon a ciki, da takalmin roba, kafin ruwa ya kai tanki. Wurin bai ishe mu duka ba, na sani. Ponirah ba ta samu ba.

Lokacin da kifi ya yi yawa, manaja ya ce tankin na jawo jinkiri, a saki ruwan haka. Masu fiɗar kifi sun ji amsar da Pak Darmaji ya ba shi: "Ga makunnin can, Pak. Kashe da hannunka, ina kallo." Manaja bai taɓa ba.

Pak Darmaji, kai ne ka sha zagi ba ka rama ba, ba ka kuma kashe ba. Ba wanda zai yi maka walima a unguwar nan. To ni na gode, kuma da ƙarfi nake faɗa.

Kai kuma sabon zuwa, yi yadda ya yi. Kullum da safe ina tsayawa a kan gadar katako in leƙa ruwan, in shinshina. Ranar da na ga ja, za ka ji muryata tun daga bakin ƙofa.